Musanyar Ruwan Jini a Gazawar Hanta ta Farat Ɗaya: Wa Take Ceta, Kuma da Leda Nawa?

Idan ƙoda ta tsaya, akwai injin wankin ƙoda da zai riƙe mutum shekara da shekaru. Idan huhu ya gaza, akwai na'urar numfashi. Hanta kuwa har yau ba a ƙera mata madadi ba, domin aikinta ya wuce tacewa. Ita ke karɓar ammoniyar da ke tasowa daga hanji ta mai da ita abin da fitsari zai fitar, ita ke ƙera albumin da mafi yawan sinadaran daskarar da jini, ita ke ajiye sukari ta sake shi idan jiki ya nema, ita ke narkar da magunguna. Babu injin da ya haɗa waɗannan duka. Amma Allah ya ba ta wata baiwa da ƙoda ba ta samu ba: tana sake tohowa. Likitan tiyata na iya yanke kashi biyu cikin uku na lafiyayyar hanta, ragowar ta girma ta cike gurbin cikin makonni. A kan wannan baiwa duk maganar musanyar ruwan jini ta rataya.

Dole a fara da tantance cutar da ake nufi, don sunan kan ruɗar da mutane. Ba hantar da ta daɗe tana ƙanƙancewa ake magana a kai ba, irin ta mai tsohon ciwon hanta nau'in B wanda cikinsa ya tara ruwa. Ana maganar mutumin da hantarsa lafiya lau take a watan jiya, sai shawara ta bayyana a idonsa, jininsa ya daina daskarewa yadda ya kamata, sannan hankalinsa ya fara gushewa. Trey da Davidson ne suka shata iyakar ma'anar a 1970, suka ce gushewar hankali cikin mako 8 da fara ciwo. Ma'anar da aka fi aiki da ita yanzu ta faɗaɗa wa'adin zuwa mako 26, tare da ma'aunin daskarewar jini na INR da ya kai 1.5 ko ya haura. A 1993 John O'Grady da abokan aikinsa na asibitin King's College da ke Landan suka kasa cutar gida uku gwargwadon tazarar da ke tsakanin shawara da gushewar hankali: mai gaggawa ƙwarai cikin kwana 7, matsakaiciya daga kwana 8 zuwa 28, da mai jan ƙafa da ke ɗaukar mako 5 zuwa 12.

Abin mamaki shi ne, mai gaggawar ce ta fi barin mutum da rai. Wanda ya sha farasitamol fiye da ƙima, ko ciwon hanta nau'in A ko E ya kayar da shi, yakan shiga mummunan hali cikin kwanaki kaɗan, ƙwaƙwalwarsa na iya kumbura, amma idan ya tsallake wannan siraɗin hantarsa takan dawo garau. Wanda cutar ta bi a hankali, kamar mai shan maganin tarin fuka da bai karɓe shi ba, ko wanda aka rasa gano sanadin nasa, da wuya ya tashi ba tare da dashen hanta ba. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, don shi ne mabuɗin rikicin da ke cikin binciken da za mu duba.

Me ke kashe majinyacin? An daɗe ana ɗauka rashin aikin hanta ne kawai. Daga baya aka fahimci cewa hantar da ke mutuwa ita kanta tushen guba ce. Ƙwayoyinta na fashewa suna zubar da abin cikinsu a jini, gutsattsarin DNA da sunadaran histon da makamantansu, garkuwar jiki kuma ta ɗauke su a matsayin shelar yaƙi. Jijiyoyin jini su saki, ƙarfin jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya, daga ƙarshe garkuwar ta gaji ta bar ƙofa a buɗe ga ƙwayoyin cuta. Likitocin tiyata a Hanoba ta Jamus sun nuna haka ta hanya mai ban tsoro tun ƙarshen shekarun 1980: sun cire matacciyar hantar ɗungurungum daga wasu majinyata kafin sabuwa ta iso, sai aka ga ƙarfin jinin wasunsu ya daidaita na ɗan lokaci. Mutum ba hanta ko kaɗan ya fi mai ruɓaɓɓiyar hanta samun sauƙi na 'yan awoyi. To idan gubar a cikin jini take yawo, me zai hana a kwashe ta?

Aikin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Ana sa babban bututu mai hanya biyu a jijiyar wuya ko ta cinya. Jini ya fita zuwa inji, injin ya raba ƙwayoyin jini da ruwan da suke iyo a ciki, ko dai ta hanyar juyawa da ƙarfi ko ta matata mai ƙananan ƙofofi. A zubar da ruwan jinin majinyacin, a gauraya ƙwayoyinsa da ruwan jinin masu lafiya wanda aka daskarar tun ana ɗibarsa, a mayar masa. Bambancinsa da wankin ƙoda babba ne. Matatar wankin ƙoda ƙananan sinadarai kawai take bari su wuce, ba ta iya taɓa abin da ya manne wa albumin ko manyan sunadarai. Musanya kuwa ba ta zaɓe, komai take kwashewa, mai amfani da mai cutarwa. Sannan tana yin abin da babu matatar da ke yi, wato tana zuba wa jiki abubuwan da hanta ta daina ƙerawa.

Akwai lissafin da ya kamata a fahimta a nan. A ɗauka randa ce cike da gurɓataccen ruwa, ba a da ikon juye ta, sai dai a riƙa kwasa da moɗa ana zuba mai tsabta a lokaci guda. Moɗar farko zallar dauɗa za ta ɗebo, amma ta hamsin rabin abin da ta ɗebo sabon ruwan da aka zuba ne. Haka musanya take. Baligi mai kilo 70 yana da ruwan jini kusan lita 3. Idan aka musanya daidai wannan adadi sau ɗaya, kusan kashi 63 cikin 100 na abin da ke cikin jijiyoyi ake fitarwa. Ninki ɗaya da rabi ya ba da kusan 78, ninki biyu 86, ninki uku 95. Ribar tana raguwa da kowace leda. Hujjar masu goyon bayan musanya mai yawa ita ce gubar ba a jijiyoyi kaɗai take ba, tana cikin tsoka da sauran sassan jiki, tana tsatsowa tana komawa jini, don haka sai an zarce lissafin randa. Ammoniya ma a nan take ba da wahala. Ƙarama ce ƙwarai, ta bazu a duk ruwan jiki, kuma da zarar ta haura maikuromol 150 a lita haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa na ƙaruwa. Musanya na rage ta, amma wankin jini mai gudana dare da rana ya fi ta iya wannan aiki, shi ya sa a manyan asibitoci ake haɗa su biyun.

Tunanin ba sabo ba ne, kuma tarihinsa ya isa ya sa mutum taka-tsantsan. A 1966 Trey da abokansa a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu suka ba da rahoton majinyatan da suka farka daga doguwar suma bayan an musanya musu jini ɗungurungum. Duniya ta ɗauka. Da Redeker da Yamahiro suka gwada hanyar a 1973 ta kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba, sakamakon gwajin jini ya gyaru amma mutuwa ba ta ragu ba. Aka koma tace jini ta gawayi, King's College ta gwada shi da kyau a 1988, bai tsinana abin da aka sa rai ba. Aka zo kan na'urar MARS mai wanke jini da albumin. Gwajin da aka yi a Faransa kan majinyata 102, wanda aka buga a 2013, bai nuna bambancin da za a dogara da shi ba, kodayake an yi wa yawancinsu dashe cikin kusan awa 16, na'urar ba ta ma samu sararin nuna kanta ba. Darasin da ya yi ta maimaituwa shi ne takardar sakamako na iya yin kyau mai ita yana mutuwa.

Shi ya sa aikin Fin Stolze Larsen na asibitin Rigshospitalet a Kwafanhegan ya girgiza fagen a 2016. Tun farkon shekarun 1990 likitocin Danmak ke gwada musanya mai yawa. Daga 1998 zuwa 2010 suka haɗa kai da King's College da wani asibiti a Helsinki, suka tara majinyata 182, aka raba su ta ƙuri'a: 90 suka samu kulawar da aka saba, 92 aka ƙara musu musanyar ruwan jini da ya kai kashi 15 cikin 100 na nauyin jikinsu, wato lita 8 zuwa 12, kullum har kwana uku. Kashi 58.7 cikin 100 na waɗanda aka yi wa musanya suka bar asibiti da rai, a ɗaya ɓangaren kuwa 47.8. A taƙaice, cikin kowane mutum tara da aka yi wa, an ceto kusan ɗaya da ba don haka ba da ya tafi. Ƙarfin jininsu ya tashi, bukatar maganin ɗaga shi ta ragu, alamun tunzurar garkuwar jiki suka lafa. Shi ne karo na farko da wata hanyar tallafa wa hanta daga waje ta nuna rage mutuwa a gwajin ƙuri'a. Ƙungiyar masana hanta ta Turai, EASL, ta sa hanyar cikin ƙa'idojinta na 2017, ƙungiyar ASFA ta Amurka kuma ta sa musanya mai yawa a sahun farko na hanyoyin maganin wannan cuta.

Sai dai idan aka tona cikin alƙaluman, labarin ya fi haka daɗin nazari. Waɗanda aka yi wa dashen hanta, musanya ba ta ƙara musu komai ba. Da ita da babu ita, sabuwar hantar ce ta cece su. Ribar ta faɗa ne kan waɗanda ba su samu dashe ba, musamman waɗanda halinsu ya kai na dashe amma wani dalili ya hana, ko shekaru, ko wata cuta, ko tsananin rauni. Wato gwajin da aka yi a cibiyoyin dashe uku na Turai ya ƙare da amfanar wanda dashe ya tsallake.

Akwai kuma abin sukar. Shekara goma sha biyu ana tara majinyata, kuma a wannan tsakanin kulawar gaggawa ta sauya sosai, kumburin ƙwaƙwalwa ya ragu a ko'ina saboda fara wankin jini da wuri. Likitocin sun san wa aka yi wa musanya, wa ba a yi wa ba, kuma su ne ke yanke shawarar wa za a sa a jerin dashe. Fiye da rabin majinyatan farasitamol ne ya kayar da su, irin hantar da dama ta fi saurin farfaɗowa. Ba a kuma kwatanta lita 10 da lita 5 ba. An zaɓi adadin ne bisa hasashe, ya yi aiki, sai ya zama doka.

Indiyawa ne suka ɗauko wannan tambaya, don su abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. A can ƙwayoyin cutar hanta da guba su ne kan gaba, ba farasitamol ba, ruwan jini kuma ba a samunsa a banza. Rakhi Maiwall da abokan aikinta a cibiyar ILBS ta Delhi suka raba majinyata 40 gida biyu, duka ba 'yan farasitamol ba, aka yi wa rabi musanyar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na ruwan jininsu. A rahoton da ya fito a 2022, kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka yi wa suna raye ba dashe bayan kwana 21, a ɗaya rukunin 45. Tazarar ta burge, amma a tuna mutum 15 ne da mutum 9. Da biyu sun sauya wuri, da labarin ya canja. Duk da haka gwajin ƙuri'a ne, kuma ya nuna hanya ɗaya da na Larsen da rabin ruwan jinin.

A kudancin ƙasar, asibitin Christian Medical College na Vellore a jihar Tamil Nadu ya ƙara yin ƙasa da adadin. Matsalarsu wani maganin ɓera ne mai rawayan fosforas, wanda ake sayarwa a bututu kamar man goge baki. Yara kan ci bisa kuskure, manya kan sha da gangan. Mutum ya yi kwana biyu ko uku kamar ba komai, sannan hanta ta rushe. C. E. Eapen da tawagarsa suka mai da hankali kan wani ƙaton sunadari mai suna von Willebrand, wanda ke ninkuwa a jinin waɗannan majinyata yayin da sinadarin da ke datsa shi, ADAMTS13, wanda hanta ke ƙerawa, yake ƙarewa. Sakamakon shi ne ƙananan gudaji da ke toshe siraran jijiyoyi. A ganinsu ba sai an wanke jiki kakaf ba, a rage wannan lodin kawai a zuba mai datsa shi, don haka rabin ruwan jinin mutum suke musanyawa a zama ɗaya. Rahotanninsu na da ƙarfafa gwiwa, amma na lura da majinyata ne, ba na ƙuri'a ba, kuma bai kamata a ɗora su a sikeli ɗaya da na Kwafanhegan ba. Magungunan ɓera kuma iri-iri ne, kada a ɗauka duk shinkafar ɓera da ke kasuwa haka take aiki.

Ana cikin haka sai Birtaniya ta watsa ruwan sanyi. Wani nazari da aka buga a Journal of Hepatology a 2025 ya bi bayanan majinyata 378 da aka kwantar a cibiyoyin dashen hanta na ƙasar daga 2013 zuwa 2021, 120 daga cikinsu an yi musu musanya. Ƙarfin jininsu ya gyaru, maganin ɗaga shi ya ragu, amma bayan an daidaita rukunonin ta lissafi ba a ga ƙarin tsira ba, da dashe ko babu.

Wasu sun karanta wannan a matsayin rushewar aikin Larsen. Ni ban ga haka ba. A gwajin ƙuri'a, ƙa'ida ce ke cewa a fara da zarar hankali ya gushe zuwa wani mataki. A aikin yau da kullum kuwa, likita yakan jawo injin ne sa'ad da ya ga komai na ƙwacewa, kuma babu lissafin da zai goge wannan son zaɓe gaba ɗaya. Musanya tana kashe wutar da matacciyar hanta ta kunna. Idan wutar ta riga ta cinye ƙoda da huhu, ko ƙwayoyin cuta sun mamaye jini, ba ta da abin ceto. Sannan a ƙasar da ake samun hantar dashe cikin kwana ɗaya ko biyu, gurbin da musanya za ta nuna kanta ƙanƙani ne. Abin da nazarin Birtaniya ya tabbatar shi ne hanyar ba ta kowa ba ce, kuma gyaruwar ƙarfin jini ba ita ce tsira ba, darasin 1973 ke nan ya sake dawowa.

Illolinta ma ba na wasa ba ne. Kowace ledar ruwan jini na ɗauke da sitiret, sinadarin da ke hana shi daskarewa, kuma hanta ce ke narkar da sitiret. A jikin da hantar ta tsaya sai ya taru ya kama kalsiyam, zuciya ta rikice, don haka dole a riƙa aunawa ana ƙarawa. Ruwa na iya yi wa huhu yawa, jiki na iya ƙin ruwan wani. Injin na kwashe magungunan da aka ba majinyaci, har da maganin ƙwayoyin cuta da asetilsistin, makarin gubar farasitamol, sai an tsara lokacin ba da su. Mafi wayo cikin illolin ita ce makantar da likita. INR da bilirubin, sinadarin da ke sa shawara, su ne ma'aunan da ake duba ko hanta na farfaɗowa, su ne kuma ginshiƙin ƙa'idojin King's College na 1989 da ake yanke shawarar dashe da su. Bayan musanya dukansu za su yi kyau, amma kyan na aro ne, na mutanen da suka ba da jini.

Yanzu a koma kan leda. Leda ɗaya ta daskararren ruwan jini kusan mililita 250 ce, daga mai ba da jini guda. Tsarin Kwafanhegan ga mai kilo 70 lita 10 da rabi ne, wato leda 42 a rana, sama da 120 a kwana uku. Na Delhi leda 18 zuwa 24 a zama. Na Vellore kusan 6. Kowace sai an tace ta daga jini cikin awoyi kaɗan da ɗiba, an tantance ta daga ƙanjamau da ciwon hanta, an ajiye ta a sanyin da bai gaza digiri 18 ƙasa da sifiri ba, wuta ba ta yanke ba, kuma rukuninta ya dace da na majinyaci. Duk wanda ya taɓa ganin dangi na zarya a harabar asibiti suna neman wanda zai ba mai haihuwa leda biyu ya san ma'anar leda 120. Saboda haka tambayar adadi, wadda a Turai ta masana ce, a Kano ko Damagaram ita ce ke yanke ko hanyar za ta yiwu ko ba za ta yiwu ba. Injin ba shi ne babbar matsala ba; asibitin da ke wankin ƙoda ya riga ya mallaki rabin ƙwarewar.

Masu bukatar kuwa akwai su. Ciwon hanta nau'in E, mai bin gurɓataccen ruwan sha, ya ɓarke a sansanonin Darfur a 2004, a Am Timan ta Chadi a 2016, a Diffa ta Nijar da Ngala ta Borno a 2017. Ga yawancin mutane shawara ce ta 'yan makonni, amma ga mai tsohon ciki tana iya kashe ɗaya cikin huɗu ko biyar. Wannan ita ce ainihin majinyaciyar da hujjojin suka fi nunawa: matashiya, hantarta lafiya take kafin ciwon, cutar mai gaggawa ce mai wucewa, kuma babu maganar dashe, don masu hali ma Indiya ko Masar suke zuwa, wanda ke cikin suma kuwa ba ya hawa jirgi. Zazzaɓin shawara ma, da ya sake ɓulla a Najeriya tun 2017, hanta yake kamawa, kuma likitocin Sao Paulo a Barazil sun yi amfani da musanya a annobarsu ta 2018 zuwa 2019. Amma kafin a taɓa leda ɗaya sai an tabbatar da cutar. Shawara da suma a wannan yanki sun fi zama zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko ƙwayoyin cuta a jini, ko tsohuwar hanta da ta ƙarasa, wani lokaci ma Lassa, inda sarrafa lita-lita na jinin majinyaci haɗari ne ga ma'aikata. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da gwaje-gwajen da muka ambata suka shafa.

Tambaya mafi nauyi ita ce yaushe za a tsaya. Inda ake dashe, musanya gada ce mai tudu biyu: ko hanta ta farfaɗo, ko sabuwa ta iso. Inda babu dashe tudu ɗaya ne. Likita zai yi zama biyu ko uku, ya dakata, ya bar sinadaran aro su ƙare, wasunsu cikin awoyi kaɗan suke ƙarewa, sannan ya sake aunawa. Idan INR ya tsaya da ƙafarsa, sukari ya daina faɗuwa, sinadarin laktet ya sauka, majinyaciya ta fara buɗe ido idan an kira sunanta, hantar ta karɓi aikinta. Idan komai ya koma inda yake washegari, zama na huɗu da na biyar ba za su tsirar da hantar da ba ta tohowa ba, kuma kowace leda da aka ƙara an ɗauke ta ne daga ɗakin haihuwa ko ɗakin tiyata na wannan asibitin. Ya kamata a rubuta wannan iyaka, a kuma bayyana wa dangi ita, tun kafin a sa bututun farko.